Ƙaramar kyamara mai canjin lensi: abin dubawa kafin a fitar da kuɗi

Wanda ya shiga shagon kyamara a Kaduna ya ce yana neman ƙarama wadda zai riƙa yawo da ita, tambaya biyu za a yi masa: nawa ya tanada, kuma megafiksel nawa yake so. Ta farko tana kan hanya. Ta biyun ita ce ke kai mutane ta baro, domin da wuya ka sami kyamara mai canjin lensi da aka ƙera cikin shekara goman nan wadda megafiksel ɗinta ya gaza. Mai megafiksel 24 tana ba da hoto mai ɗigo 6000 a kwance, 4000 a tsaye, wanda za a wanke shi ya kai faɗin santimita 50 bai farfashe ba. Yawancin hotunanmu ma a WhatsApp da Instagram suke ƙarewa, inda ake matse su kafin kowa ya gani. Abubuwan da ke sa mutum ya ji daɗin kyamara, ko ya jefa ta ƙasan akwati bayan wata uku, daban ne: irin bakin da lensi ke zama a cikinsa, nauyinta idan an ɗaura mata lensi, yadda take yi da ƙurar hunturu, da ko batirinta zai kai ka Zariya ya dawo da kai.

Madubin da aka cire

Manyan kyamarorin da aka saba gani a wuyan masu hoton biki, waɗanda ake kira DSLR, akwai madubi a cikinsu. Shi ke karkatar da haske zuwa tagar leƙe, idan an danna sai ya ɗage haske ya faɗa kan sensa, wato ɗan farantin lantarkin da ke kama hoton. Madubin nan na bukatar ɗaki, shi ya sa jikin ya yi kauri. A 2008 Panasonic da Olympus suka fito da tsarin Micro Four Thirds, Panasonic ta fitar da Lumix G1 wadda ba ta da madubi kwata-kwata. Sony ta biyo da NEX a 2010, Fujifilm da X-Pro1 a 2012. Tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da sensa a tsohon tsarin Canon EF milimita 44 ce, a Nikon F 46.5. Da aka cire madubi sai ta dawo 18 a Sony E, 20 a Canon RF, 16 a Nikon Z. Wannan shi ne asalin ƙanƙantar. Shi ne kuma asalin wata matsala da ta fi damun mu nan Arewa fiye da mutanen da suka ƙera kyamarar: da zarar ka kwance lensi, ga sensa nan tsirara a bakin ƙofa. Za mu dawo kan wannan.

Baki shi ne dangi

Sayen kyamara mai canjin lensi kamar aure ne, ba yarinyar kaɗai ka ɗauka ba, har da danginta. Kusan kowane kamfani yana da nasa baki, wato zoben ƙarfen da lensi ke murɗawa ya zauna a ciki, kuma lensin wani baki ba ya shiga wani bakin. Jikin kyamara kan tsufa cikin shekara biyar ko shida, lensi mai kyau kuwa yana yin shekara ashirin yana aiki. Saboda haka kafin ka kalli jiki, tambayi wane lensi ake samu a wannan baki, sabo da na hannu, kuma a nawa.

A nan akwai wani rami da sababbin shiga ke yawan faɗawa. Canon M50, wadda ta fito a 2018, kyamara ce mai daɗin aiki, ga sauƙi, ga launi mai kyau, kuma ta cika kasuwar na hannu. Amma bakinta EF-M ne, kuma Canon ta daina wannan layi ta koma RF. Lensin EF-M ba ya hawa kan kyamarar RF, babu adaftar da ke haɗa su. Idan ka sami M50 da araha, kuma ka san lensi ɗaya ko biyu sun ishe ka har ta mutu, ba laifi. Idan kuwa kana da niyyar tara lensi kaɗan-kaɗan ka canza jiki nan gaba, gidan da ba a ƙara gini a cikinsa ka shiga.

Sony E shi ne bakin da ya fi yawan lensi daga kamfanoni daban-daban, irin su Sigma, Tamron da Viltrox, kuma hakan na sauke farashi. Fujifilm X ma tana da yalwa, musamman ƙananan lensi masu tsayayyen tsawo, wato waɗanda ba sa zuƙowa. Micro Four Thirds baki ɗaya ne tsakanin Panasonic da Olympus, wadda sashen kyamararta ya koma OM System tun 2021, don haka lensin ɗaya na aiki a jikin ɗaya. Canon RF da Nikon Z sun zo a 2018, kuma ƙananan lensinsu na matsakaiciyar sensa, APS-C, ba su kai na Sony da Fujifilm yawa ba, ko da yake daga 2024 Sigma da Tamron sun fara yi wa Canon. Inda suka yi fice shi ne adafta. Masu hoton biki sun daɗe a kan Canon da Nikon, tsofaffin lensinsu na yawo a hannun mutane, kuma da adaftar EF-EOS R ta Canon ko FTZ ta Nikon za su hau sabon jiki su yi aiki. Sai dai adafta na ƙara tsawon santimita biyu da rabi zuwa uku da nauyin da ya haura giram 100, ga shi tsohon lensin kansa ba ƙarami ba ne. Ƙaramar kyamarar da ka je nema ta koma babba ke nan. Mai Nikon kuma ya sani cewa tsofaffin lensin AF-D ba sa kama fokas da kansu a kan FTZ, sai da hannu.

Girman sensa, da lissafin da ke biye da shi

Iri uku ne suka fi yawa a kasuwa. Babbar, wadda ta yi daidai da tsohon fim, milimita 36 ce da 24. Ta tsakiya, APS-C, kusan 23.5 da 15.6, ta Canon ta ɗan fi ƙanƙanta. Ta Micro Four Thirds 17.3 da 13. Don a gane bambanci da waya, sensar inci ɗaya da wasu manyan wayoyi ke tinƙaho da ita 13.2 ce da 8.8, wato ba ta kai sulusin APS-C ba, yawancin wayoyi kuma ba su kai hakan ba.

Babbar sensa na tara haske da yawa, hotonta na dare ya fi tsabta, kuma ta fi narkar da bayan mutum. Amma kowace sensa sai da lensin da zai rufe ta. Sony a7C jikinta giram 509 ne kawai, sai dai da ka ɗaura mata zum, wato lensi mai zuƙowa, mai faɗin ƙofar haske f/2.8, ka kusa kilo ɗaya ko ka wuce. Ga mai yawo, APS-C ita ce tsaka-tsaki, kuma ita za mu ba yawancin mutane shawara. Micro Four Thirds kuma ta fi kowa ƙananan lensi, abin da ake raina ta da shi a takarda shi ne amfaninta a jaka.

Lambar milimita da ke jikin lensi ba ta nufin abu ɗaya a kowace sensa. Don a san kwatankwacinta a babbar sensa, a APS-C ana ninka ta da 1.5, a Canon da 1.6, a Micro Four Thirds da 2. Lensi mai 50 da kowa ke yabo, idan ya hau Canon R50 ya zama kamar 80. Ya yi kyau ga hoton fuska, amma a falon gida za ka ja da baya har ka jingina da bango ba ka haɗa mutum huɗu a hoto ɗaya ba. Mai son lensi ɗaya na kullum a APS-C ya nemi 23 zuwa 28. A Micro Four Thirds ya nemi 17 ko 20.

Lensi kafin jiki

Kusan kowace kyamara tana zuwa da ƙaramin zum, 16-50 a Sony da Nikon, 15-45 a Fujifilm, 18-45 a Canon, 14-42 ko 12-32 a Micro Four Thirds. Nauyinsu daga giram 70 zuwa 135, da rana kuma suna aiki ba laifi. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa: idan ka zuƙo su zuwa ƙarshe, ƙofar haskensu na tsukewa ta koma f/5.6 ko f/6.3, domin duk yadda lambar f ta ƙaru, hasken da ke shiga raguwa yake.

Ga abin da hakan ke nufi a aikace. Ana walimar suna bayan magariba, ƙwan lantarki ɗaya ne a tsakar gida. Don kada mutane su fito da inuwa biyu kana bukatar saurin shota, wato tsawon lokacin da ake barin haske ya shiga, 1/60 na daƙiƙa ko wanda ya fi haka sauri. A f/5.6 kyamara za ta tura ISO, wato ƙarfin da take ƙara wa ɗan hasken da sensa ta samu, zuwa 6400, hoto ya fito da yashi-yashi, launin atamfa ya dushe. Lensi mai f/2 yana shigar da haske ninki takwas, sai ISO ta sauko 800. Mai f/1.4 ninki goma sha shida. Babu wani sabon jiki, komai tsadarsa, da zai ba ka wannan tazara. Shi ya sa wanda ya sayi tsohon jiki da lensi mai faɗin ƙofa ya fi wanda ya zuba kuɗinsa duka a sabon jiki ya zauna da zum ɗin kwali.

Lensin da suka yi suna a wannan aiki: Sigma 30 f/1.4, giram 265. Fujifilm XF 35 f/2, giram 170, da XF 27 f/2.8 mai lebur kamar murfin kwalba. Nikon Z DX 24 f/1.7, Panasonic 20 f/1.7 wanda bai wuce giram 100 ba. Mai son zum ɗaya ya huta, Sigma 18-50 f/2.8 giram 290 ne, kuma ƙofarsa ba ta tsukewa ko an zuƙo.

Hawan sallah kuma nasa lissafin daban. Idan mahaya suka taso jahi a ƙofar fadar Zazzau, ba ka kusa, kuma bai kamata ka kasance kusa ba. Kana bukatar dogon zum da saurin shota 1/1000, ka sa fokas mai bin abu yana motsi, ka bar yatsa a kan maɓalli ta yi ta bugawa a jere. Da yake rana ce, dogon zum mai araha ya isa: 55-210 na Sony ko na Canon, 50-250 na Nikon, 50-230 na Fujifilm. Na Olympus, 40-150 f/4-5.6, giram 190 ne kacal, amma yana kai ka inda 300 ke kai mai babbar sensa. A irin wannan wuri ne kuma ake gane bambancin fokas. Sony daga a6400 ta 2019, da Canon R10 da R50, suna manne wa fuska da ido ko mutum na gudu. Tsofaffin Panasonic irin su GX85 da GX9 sukan yi ta lalube idan abu na tahowa da sauri.

Tsarin hana rawar hannu ya cancanci a fahimce shi, don masu sayarwa na kambama shi. Wani a cikin lensi yake, wani a jikin kyamara inda sensar kanta ke motsi ta rama girgizar hannu. Na jiki yana aiki da kowane lensi. Akwai shi a Olympus E-M10 Mark IV da OM-5, a Fujifilm X-S10, X-S20 da X-T50, a Sony a6600 da a6700. Babu shi a Sony a6000 da a6400, Fujifilm X-T30, Canon R50 da R10, da Nikon Z50 da Z fc. Amfaninsa na bayyana a abin da ke tsaye: ginin Lugard Hall da almuru, ko ruwan Matsirga kusa da Kafanchan idan kana so ya fito sumul kamar zare a 1/4 na daƙiƙa ba ka ɗauko ƙafa uku ba. Rawar hannunka yake gyarawa. Yaron da ke tsalle a gabanka ba ruwansa da shi.

Ƙura

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har Maris, iskar Kaduna garin ƙura ce mai laushi da ido ba ya gani sai ta kwanta. Wanda ya je bikin Afan a Kagoro ranar 1 ga Janairu ya kwance lensi a tsakiyar filin rawa, ya saya wa kansa aiki. Ƙurar da ta sauka kan sensa ba ta fitowa a kowane hoto. A f/2 ko f/4 ba za ka gan ta ba. Sai ranar da ka tsuke ƙofa zuwa f/11 ka ɗauki dutsen Kufena da sararin sama, ka ga baƙaƙen ɗigo a wuri ɗaya a kowane hoto.

Gwajin ba wuya. Sa f/16, ISO mafi ƙasa, ka ɗauki farin bango ko sama, ka faɗaɗa hoton ka bi shi kusurwa-kusurwa. Idan ɗigon na nan, kwance lensi a ɗaki rufe, fanka a kashe, ka kifa bakin kyamara ƙasa, ka hura da famfon roba na hannu da aka yi don wannan aiki. Kada ka hura da baki, yawu ya fi ƙura wuyar fita. Kada ka sa gefen riga ko audugar kunne. Wadda ta ƙi fita sai da sandar goge sensa mai daidai da girmanta da ɗigon ruwanta na musamman, shafa ɗaya a bi ta gefe guda, a jefar da sandar. Idan kyamarar mai sensa mai motsi ce, a duba littafinta tukuna, domin wasu sai an kulle sensar ta cikin menu. Wanda hannunsa ke rawa ya kai wa mai gyara.

Ƙa'idar canjin lensi a waje: kashe kyamara, juya wa iska baya, baki na kallon ƙasa, sabon lensi ya riga ya kasance a hannu an cire murfinsa na baya, a gama cikin daƙiƙa biyar. Wanda ya fi wannan shi ne ka zaɓi lensin ranar tun daga gida. A nan Olympus ta cancanci yabo, domin tun 2003 take da tsarin kakkaɓe sensa da girgiza mai sauri duk lokacin da aka kunna, kuma yana aiki sosai. OM-5, mai giram 414, an toshe gaɓoɓinta daga ƙura da yayyafi, amma toshewar ba ta cika sai lensin ma irin wanda aka toshe ne.

Ƙananan zum masu fitowa da kansu idan an kunna, irin 16-50 na Sony da 14-42 EZ na Olympus, su ne suka fi tsoron yashi da bugu. Ƙwayar yashi ɗaya a cikin haƙoransu na roba ta isa ta sa kyamara ta ce ba ta ga lensi ba. Kada a sa su a aljihun da ake zuba gyaɗa da canji.

Damina kuma ta zo da nata. Daga Mayu zuwa Oktoba laima ke shiga lensi ta haifar da fumfuna, wasu zare-zare kamar saƙar gizo a cikin gilashi, waɗanda idan sun daɗe suna cinye rufin gilashin. Jakar fata a cikin durowa mai duhu ita ce gonar fumfuna. Roba mai murfi da ba ya shan iska, da ƙullin silika a ciki, ta wadatar. Idan silikar ta sha ruwa a busar da ita a mayar. Wanda ya fito daga mota mai sanyin AC zuwa iska mai laima ya bar kyamara cikin jaka minti goma sha biyar, in ba haka ba gilashi zai yi gumi. A bazara kuwa, yawancin kamfanoni sun rubuta cewa iyakar zafin aikin kyamara digiri 40 ne, kuma motar da aka rufe a rana a watan Afrilu ta wuce haka nesa.

Tagar leƙe

Don a rage girma da farashi, wasu kyamarori ba su da tagar da ake kafa ido, sai allon baya kawai: Sony ZV-E10, Nikon Z30, Fujifilm X-M5. An yi su ne don masu bidiyo da ke ɗaukar kansu. Mai hoto da zai tsaya a Dandalin Murtala da ƙarfe ɗaya na rana zai ga fuskarsa ce kawai a allon, sai ya riƙa ɗauka da ka. Idan hoto ne babban aikinka, kada ka yarda da wadda ba ta da tagar leƙe. Kafa kyamara a goshi ma yana rage rawar hannu.

Tagar tana da wani amfani. Abin da ka gani a ciki shi ne hoton da zai fito, da haskensa da duhunsa. Mutumin da ya sha farar shadda da rana tsaka yana rikita ma'aunin hasken kyamara: tana ganin fari ya yi yawa sai ta rage haske, riga ta koma ruwan toka, fuska ta nutse. Gyaran shi ne a ƙara haske da +0.7 ko +1, ana kallon kada aikin wuyan rigar ya ƙone ya ɓace. Saboda haka duba ko kyamarar tana da ƙafar juyawa da babban yatsa zai kai gare ta don wannan gyara ba sai an shiga menu ba. Mafi sauƙi dai a ja mutum inuwar bishiya, ko a jira bayan la'asar.

Batir da wuta

Marar madubi na shan batir, domin sensa da allo a kunne suke koyaushe. A ma'aunin CIPA da kamfanoni ke amfani da shi, a6400 da ƙaramin batirinta NP-FW50 tana yin hoto 410, a6600 mai babban NP-FZ100 tana yin 810. Yawancin ƙananan kyamarori suna tsakanin 300 da 400. A aikace, wanda ke kashewa tsakanin hoto da hoto yakan wuce haka, mai yawan duba abin da ya ɗauka da tura wa waya ba ya kaiwa. Batir biyu shi ne mafi ƙaranci, uku ga mai kwana a hanya.

Tambayar da ta fi muhimmanci a garin da wuta ke zuwa ta tafi ita ce ko kyamarar na caji ta USB. Idan tana yi, fawa bank ɗin wayarka ya zama cajarta, ka cika ta a jirgin ƙasa tsakanin Rigasa da Idu. M50 ba ta yi. R50 tana yi amma sai da caja ko fawa bank mai tsarin PD, wato caji mai sauri ta USB-C. Sababbi da yawa kuma ba sa zuwa da cajar waje, don haka a sa kuɗinta cikin lissafi, wadda ke cin batir biyu ta USB ta fi. Batirin da ba na kamfani ba yana aiki, sai dai wani ba ya nuna saura nawa, wani kuma yana kumbura. Wanda ya fara wuyar fita daga raminsa a yar da shi tun bai maƙale ba. Mai tafiya Umara ko wata ƙasa ya sa batiran ajiya a jakar hannu, ba a yarda su shiga kayan awo ba, ya kuma rufe bakinsu da salatif.

Wutarmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa, kuma ƙwayayen LED masu araha suna ƙyaftawa da wannan bugu ko da ido bai gani ba. Shota marar ƙara, wadda ke da daɗi a wurin ɗaurin aure don ba ta damun kowa, tana karanta sensa layi-layi, sai hoto ya fito da ratsi-ratsi kamar tabarma. Idan ka ga haka koma shota mai ƙara, ka sa sauri 1/50 ko 1/100. A bidiyo zaɓi hoto 25 ko 50 a daƙiƙa, ba 30 ko 60 na Amurka ba. Idan janareta ne, bugunsa na iya kaucewa daga 50, sai ka gwada ka duba kafin ango ya iso.

To wacce?

Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi Sony a6000 ta hannu. Tun 2014 take, giram 344, megafiksel 24, tana da tagar leƙe, batirinta da lensinta ba sa wuyar samu. Menu ɗinta ne kawai sai an yi haƙuri. Idan da hali a haura zuwa a6400 saboda fokas. Wanda bai taɓa riƙe kyamara ba kuma yana son sabuwa, Canon R50 mai giram 375 ta fi sauƙin koyo. R100 ta fi ta araha, amma allonta ba ya juyawa kuma ba a taɓa shi, ragin bai kai abin da aka cire ba. Mai son hoto ya fito da launi gamamme ba sai ya zauna gaban kwamfuta ba, Fujifilm X-T30 ko X-S10, sai dai na hannunsu ba sa faɗuwa a farashi. Mai yawan shiga ƙauye da hawan dutse, Olympus da ƙananan lensi biyu za su shige jakar da ba ta fi ta burodi ba. Nikon Z50 ta fi su daɗin riƙo ga mai babban hannu.

Ƙanƙanta na da wata riba a Kaduna. Gari ne na barikoki da makarantun soja, kuma babbar kyamara mai dogon lensi na jawo tambaya. Ƙarama ma ba lasisi ba ce: ba a ɗaga ta a shingen jami'an tsaro ko ƙofar bariki, ba a ɗaukar matan mutane ko mai sana'a a kasuwa sai an yi sallama an nemi izini.

Idan ta hannu ce

Je da katinka na memori da wayarka, ka ce wa mai shago, "Alhaji, a ba ni minti ashirin in gwada." Wanda ya ƙi, ka yi masa sai an jima. Fara da sukurorin jiki: idan kawunansu sun sha sukudireba, an taɓa buɗe ta, a tambayi dalili. Buɗe ramin batir ka duba tsatsa ko farin gari, alamar ruwa ya shiga. Juya kowace ƙafa, danna kowane maɓalli, domin ƙafar da ke tsallake lamba ƙura ce ta cika ta. Kwance lensi ka karkata sensa ga haske. Ƙura ba komai ba ce, ƙarzuwa kuwa ita ce ƙarshen ciniki. Yi gwajin f/16. Sannan rufe murfin lensi ka ɗauki hoton daƙiƙa biyu, ka faɗaɗa baƙin ka nemi ɗigo ja ko kore da ba sa motsi. Ɗaya ko biyu ana iya ɓatar da su ta menu, layi guda kuwa a bar ta.

Haska fitilar waya ta bayan lensi ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura a ciki kowane lensi na da ita. Zaren fumfuna ko hazo kamar gilashin da aka huce a kai, a ajiye. Ɗauki allon wani shago daga nesa, ka gwada kusurwa huɗu na hoton: idan gefe ɗaya ya fi ɗaya dishi-dishi, lensin ya taɓa faɗuwa. Adadin bugun shota yana cikin fayil ɗin hoton Sony da Nikon, akwai shafukan intanet da ke karanta shi kyauta. Ƙananan kyamarori yawanci ana ƙiyasta musu bugu 100,000 ko fiye. Shiga menu ka tabbatar akwai Turanci, domin Sony da aka yi don kasuwar Japan da Japananci kawai take zuwa.

Katin memori ma a gwada shi. Na jabu yana rubuta 128GB a jiki, cikinsa 8 ko 16 ne, yana karɓar hoto kamar gaske, sai an zo buɗewa a tarar rabi sun lalace. Nemi mai alamar U3 ko V30, wato yana rubuta megabait 30 a daƙiƙa ko fiye, ka cika shi taf da manhajar H2testw a kwamfuta kafin ka amince masa. Fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, na megafiksel 24 kusan megabait 25 ne, don haka 64GB na ɗaukar sama da 2000. Kati biyu na 64 sun fi ɗaya na 128, kuma a riƙa share su daga cikin kyamarar, ba daga waya ko kwamfuta ba. A rasit kuma mai shago ya rubuta lambar jikin kyamara da ta lensi, da kwana nawa ya yarda a dawo da ita idan wani aibi ya ɓullo.